Shin Mutanen Finlan Miskilai Ne? Abin da Baƙi Suka Yi Ta Faɗa a Kansu Tun Zamanin Rumawa

Wani bawan Allah ne ya aiko mini da tambaya. Ɗansa ya sami gurbin karatun injiniya a birnin Tampere na ƙasar Finlan, kuma tun da labari ya bazu 'yan taya murna suka raba masa hankali biyu. Wasu sun ce masa mutanen can miskilai ne, ba gaisuwa ba fara'a, ga shan barasa kamar ba gobe. Wasu kuma sun ce duk duniya babu masu riƙon amana da kwanciyar rai kamarsu. Yana so ya san wanne zai kama, kuma ko tun asali haka aka san su.

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa yaro ya je lafiya ya dawo da abin da ya je nema. Tarihin ƙasashen arewacin Turai na karanta, kuma na yi hunturu biyu a birnin Turku ina bincike, saboda haka tambayarka ta faɗo inda nake so. Maganganun nan biyu da ka ji duk tsofaffi ne, sun girmi waɗanda suka faɗa maka su da ɗaruruwan shekaru. Abin da na lura da shi bayan na daɗe ina bin sawunsu shi ne, halin da baƙi ke gani a wurin mutanen nan kusan guda ne tun fil azal: ƙarancin magana, jimiri, taurin kai. Sunan da ake ba halin ne yake sauyawa, kuma yana sauyawa ne gwargwadon abin da mai kallon ke nema a wurinsu a lokacin. Bari in kira su Finawa, kamar yadda muke cewa Jamusawa da Rashawa, don magana ta yi sauƙi.

Sunan ma aro ne. Su Suomi suke kiran ƙasarsu. Maƙwabta ne suka laƙaba musu "Fin", kuma an fara ganin mai kama da shi a rubuce ne a littafin da Tasitus, masanin tarihi na Rum, ya rubuta a shekara ta 98 Miladiyya a kan ƙabilun Jamus. Can ƙarshen littafin ya kawo wasu mutane da ya kira Fenni. Ya ce talaucinsu abin ƙyama ne: ba makami, ba doki, ba gida. Ganye ne abincinsu, fata ce suturarsu, ƙasa ce shimfiɗarsu. Ba su da ƙarfe, sai su sa ƙashi a bakin kibiya. Mace da namiji tare suke fita farauta, jariri kuwa ba shi da mafaka daga ruwa ko namun daji sai 'yar bukkar rassa. Sai kuma ya juya ya ce su a ganinsu wannan ya fi wahalar noma da gini da fargabar dukiya, har sun kai matsayin da ya fi kowane wuyar samu, wato ba su da ko abin da za su roƙa.

Tasitus bai taɓa taka ƙasar ba, ji ya yi. Masana da yawa ma suna ganin mafarautan can ƙuryar arewa yake nufi, kakannin ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara, domin a zamaninsa mutanen gaɓar kudu maso yammacin Finlan suna noma, suna kiwo, suna aiki da ƙarfe. Da Rumawa 'yan'uwansa yake, waɗanda yake ganin daula ta lalata su, sai ya nemo wasu matalauta a ƙarshen duniya ya yi musu gugar zana da su. Ka riƙe wannan, domin a 'yan layukan nan an riga an haɗa hotuna biyun da aka kawo maka: mutanen daji, da mutanen da suka fi kowa kwanciyar rai.

Bayan Rumawa sai aka shiga zamanin tsoro. A tsofaffin labaran mutanen Nowe da Aislan, in aka ce "Fin" to boka ake nufi, wurinsu ake zuwa neman asiri. A nan ma yawanci Sami ake nufi, amma sunan ya bi Finawa ya manne. Wani babban limamin Katolika ɗan Suwidin, Olaus Magnus, ya buga littafi a Rum a 1555 a kan al'ummun arewa, a ciki ya ce Finawa suna sayar wa matuƙan jiragen ruwa iska. Za su ba ka igiya mai ƙulli uku. Ka kwance na farko, iska mai laushi ta taso. Ka kwance na biyu, ta yi ƙarfi. Ka kuskura ka kwance na uku, guguwa ta kife da kai. Littafin ya zaga Turai, camfin kuma ya yi rai ƙwarai. Wani Ba'amurke, Richard Henry Dana, da ya yi aikin jirgin ruwa ya rubuta labarinsa a 1840, ya ce kukun jirginsu tsoron Finawa yake yi haiƙan. Wani tsohon ma'aikaci kuma ya ba shi labarin kyaftin ɗin da iska ta yi mako biyu tana tare masa gaba, sai ya gano akwai Bafine a jirgin wanda suka yi cacar baki, ya kulle shi ba abinci har sai da iska ta juya. Ka dubi wannan bawan Allah da aka kulle da yunwa a kan iskar da ba shi ya busa ba.

Camfin yana da 'yar saiwa. Finawan karkara suna da masu magani da suke kira tietäjä, wato masani, wanda ke warkarwa da dogayen baitocin da yake rerawa. A waƙoƙinsu na gargajiya, waɗanda likita Elias Lönnrot ya bi ƙauyuka ya tattara ya fitar da sunan Kalevala a 1835, gwarzo ya fi cin nasara da baki a kan takobi, har akwai inda tsoho ya rera wa saurayi waƙa ta nutsar da shi cikin taɓo. Ga kuma harshe. Ɗan Suwidin da Bajamushe da Barashe duk harsunansu dangi ne, na kusa ko na nesa, amma Financi daga wani gida daban ya fito, danginsa su ne harsunan Estoniya da Sami da Hangare. Mutumin da ba ya yawan magana, in ya yi kuma ba wanda ke ji, ba wuya a ce da wata a ƙasa.

Wani abu da zai ba ka mamaki: mutanen da yau ake buga misali da su wajen cika alkawari, daga cikin tsofaffin takardun da suka ambace su akwai wadda ta zarge su da saɓa shi. Wajen 1171 Fafaroma Alexander na Uku ya rubuta wasiƙa zuwa Suwidin yana kukan cewa Finawa in abokan gaba suka matsa musu sai su yi alkawarin riƙe Kiristanci su nemi a turo masu wa'azi, da rundunar ta janye sai su juya baya. Mai neman mallakar mutane ne ke magana a nan. Abin da ya kira yaudara, su a wurinsu dabarar tsira ce tsakanin manya biyu, Suwidin ta yamma da Rashawan Nobgorod ta gabas.

Suwidin ce ta yi nasara, ta riƙe ƙasar wajen shekara 600, har 1809. A tsawon wannan lokaci harshen Suwidin ne na kotu da ofis da babbar makaranta, Financi kuwa na gona ne da coci. Saboda haka Bafine a idon mai mulki baƙauye ne mai ƙarfi, mai jure sanyi, wanda ya dace da soja. A yaƙin shekara talatin da aka yi a ƙasar Jamus, mahayan Finawa na rundunar Sarki Gustabus Adolfus sun yi suna a shekarun 1630, ana kiransu hakkapeliitta saboda kururuwar da suke yi in sun kai hari, mai ma'anar "sare su". Wani matafiyi ɗan Italiya, Giuseppe Acerbi, ya ratsa ƙasar a 1799, ya leƙa sauna, wato ɗakin katakon da suke zafafa duwatsu su watsa musu ruwa su yi sirace. Zafin ya kusa shaƙe shi. Ya ga mutane suna fitowa daga wannan zafi su yi birgima cikin dusar ƙanƙara, ya rubuta wa Turawa kamar wanda ya ga aljanu. Shi dai ya yi musu adalci, ya yaba kirkinsu ga baƙo, ya kuma rubuta wasu waƙoƙinsu.

Da ƙasar ta koma hannun Rasha a 1809, sai ga wani kallon. Birnin Fitasbag, babban birnin Rasha a wancan zamani, an gina shi ne a 1703 a kan fadamar da dangin Finawa ke zaune, kuma Finawa suka cika shi da ƙananan sana'o'i: tallan madara, sharar bututun hayaƙi, aikin gida. Rashawa na kiransu chukhna, kalmar raini. Babban mawaƙinsu Pushkin ya siffanta masuncin Finawa da agolan halitta mai baƙin ciki. Amma a wannan birni dai, da yawa daga manyan maƙeran zinariya na gidan Fabergé, masu yi wa sarkin Rasha kayan ƙawa, Finawa ne. Wanda ake rainawa a titi shi ake damƙa wa zinariya a shago.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini ciwo. A ƙarshen ƙarni na 18 wani masani Bajamushe, Blumenbach, ya kasa 'yan Adam gida biyar, ya jefa Finawa da Sami cikin jinsin Mongol. Waɗanda suka biyo bayansa suka mayar da kason matakala, farar fatar Jamus da Suwidin a sama, kowa a ƙasa. Tun da harshen Finawa ba na sauran Turai ba ne, aka ce jininsu ma ba na Turai ba ne, kuma shirunsu alamar dusashewar basira ce. A 1873 wani masanin Suwidin, Gustaf Retzius, ya je Finlan da abokan aikinsa suka tone kaburbura, suka kwashi ƙoƙunan kan mutane zuwa Istokhom don aunawa. Waɗannan ƙasusuwa sun yi shekara 150 a ma'ajiya. Sai a 2024 aka mayar da na mutum 82, aka sake binne wasunsu a garin Pälkäne inda aka tono su. Na tsaya a kangon tsohon cocin garin, na dutse, ba rufi. Duk wanda ya san yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa auna kawuna da hancin mutanenmu suna rubuta wane ne ya fi wane, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ma'aunin guda ne, masu riƙe da shi ma kusan su ne.

Abin bai tsaya a littafi ba. Finawa da yawa sun yi ƙaura zuwa Amurka aikin haƙar tama a Minesota da Mishigan, kuma su ne kan gaba a yajin aikin da aka yi a mahaƙun Mesabi na Minesota a 1907. Dokar Amurka a lokacin ba ta ba da takardar zama ɗan ƙasa sai ga farar fata ko mai asalin Afirka. Sai wani lauyan gwamnati ya ce ai Finawa Mongol ne, ba su cancanta ba. Shari'ar wani mai suna John Svan ta kai gaban alƙali a Duluth, wanda ya yanke a Janairun 1908 cewa ko da a ce kakanninsu na can can daga Asiya suke, yau suna cikin mafiya farin Turai. Ka lura da lokacin da aka tuno asalin nasu: bayan sun ajiye aiki sun ce a ƙara musu albashi.

Su kuma fa, me suka ce a kan kansu? A nan ma akwai abin lura. Mutane biyun da suka fi zana hoton "Bafine na ainihi", mawaƙi Runeberg da marubuci Topelius, 'yan ƙasar ne amma da harshen Suwidin suke rubutu, 'yan boko ne masu kallon talaka da ƙauna daga bene. Runeberg ya yi waƙa a 1830 a kan wani manomi, Paavo na Saarijärvi. Ambaliya ta ci gonarsa, ƙanƙara ta kwantar da saura, sanyi ya ƙone abin da ya rage. Matarsa ta ce Allah ya yashe su. Ya ce gwaji ne, ki haɗa garin da ɓawon itace rabi da rabi, ni kuma in ƙara haƙa lambatu. Haka shekara biyu. A ta uku gona ta yi kyau, matar ta ce yau dai za a ci burodi tsantsa. Ya ce a'a, ki sa ɓawon rabi, domin sanyi ya kashe gonar maƙwabci. Cin ɓawon itace ba ƙirƙirar mawaƙi ba ce. Yunwar 1866 zuwa 1868 ta kashe mutane fiye da 100,000 a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan biyu ba. Topelius kuma a littafin makaranta na 1875 ya siffanta Bafine da mai tsoron Allah, mai haƙuri, mai nawa, mai kafiya, wanda ba ya saurin fushi amma in ya yi ba kyau. Yara suka yi shekaru suna haddace wannan. Wato abin da baƙi suka zage su da shi aka wanke aka goge, aka miƙa musu a matsayin abin alfahari, su kuma suka karɓa suka sa.

Ƙarni na 20 ne ya juya musu kallon duniya. A 1906 suka ba mata damar zaɓe da tsayawa takara, a 1907 mata 19 suka shiga majalisa mai kujeru 200. Suka sami 'yanci ranar 6 ga Disamba 1917. Ɗan tserensu Paavo Nurmi ya ci zinariya tara a wasannin Olamfik tsakanin 1920 da 1928, yana gudu da agogo a hannu, ba murmushi, ba hira da 'yan jarida. Shirun da aka kira dusashewa ya zama kwarjini. Sai batun bashi: da tattalin arzikin duniya ya karye a shekarun 1930, ƙasashen Turai suka daina biyan Amurka basussukan zamanin yaƙin duniya na farko, Finlan kaɗai ta ci gaba da biya a kan lokaci. Bashin bai kai dala miliyan 10 ba, amma jaridun Amurka suka yi ta yayata shi don kunyata Ingila da Faransa. Daga nan sunan "masu biyan bashi" ya samo asali.

Ranar 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyat ta afka musu. Ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan huɗu ta tsaya gaban mai wajen miliyan 170 har kwana 105. 'Yan jaridar duniya suka cika Helsinki, babban birnin ƙasar, suna aika labarin sojoji cikin fararen kaya suna sulu a kan ƙanƙara, suna datse jerin tankokin yaƙi a dajin Suomussalmi, suna ƙona su da kwalaben fetur. A lokacin ne duniya ta koyi kalmar sisu, wato jimirin da mutum ke zarowa bayan ƙarfinsa ya ƙare. Churchill na Ingila ya yabe su a rediyo. Yabo ya yi yawa, taimako ya yi kaɗan, sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi: a Maris 1940 suka sallama kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarsu, mutum fiye da 400,000 na yankin Kareliya suka bar gidajensu. Da suka haɗa kai da Jamus ta Hitila a 1941 don ƙwato abin da suka rasa, Ingilar da ta yabe su ta shelanta yaƙi a kansu, ranar 6 ga Disamba, ranar bikin 'yancinsu. Haɗin kan nan tabo ne, kuma masana tarihinsu na yau ba sa ɓoye shi. Amma mutanen da aka kira jarumai a 1940 su ne dai aka kira abokan gaba a 1941.

Bayan yaƙi suka biya Sobiyat diyya da jiragen ruwa da injuna, suka gama a 1952, shekarar da suka karɓi baƙuncin Olamfik. Suka zauna lafiya da maƙwabcin da suke da iyakar kilomita 1,340 da shi, suna taka-tsantsan da duk abin da zai ɓata masa rai, musamman zamanin Shugaba Kekkonen da ya yi shekara 25 a kan mulki. 'Yan siyasar Jamus ta Yamma suka yayata wata kalma da aka ƙirƙiro daga sunan ƙasar, mai nufin ƙaramar ƙasa ta riƙa rusuna wa babba, suna tsoratar da mutanensu da ita. Akwai gaskiya a zargin, domin har littafin marubucin Rasha Solzhenitsyn a kan sansanonin gwale-gwalen Sobiyat sai a Suwidin aka buga kashin farko na fassararsa ta Financi. Amma ni ina ganin masu gorin ba su yi adalci ba. Suna magana ne daga bayan rundunar Amurka, Finawa kuwa su kaɗai ne a bakin ramin kura, kuma sun fito da zaɓensu da majalisarsu, abin da Estoniya da ke tsallaken ruwa ba ta samu ba. Da Rasha ta shiga Yukiren, suka shiga ƙungiyar NATO a Afrilun 2023, sai ga masu gorin jiya suna zuwa koyon shirin tsaro a wurinsu.

Maganar barasa da aka yi maka, Suwidin na da hannu wajen yaɗa ta. A shekarun 1960 zuwa 1970 noma ya daina riƙe mutane, dubban ɗaruruwan Finawa suka tsallaka neman aiki a masana'antun Suwidin. Samari ne 'yan ƙauye, ba harshe, ba iyali, suna kwana a barikin ma'aikata. Wasu suka faɗa shaye-shaye da faɗan wuƙa, jaridu suka mayar da abin kamar halin kowane Bafine. Ɗan ci-rani a ko'ina haka ake yi masa, laifin mutum ɗaya a shafa wa dubu. Ban ce babu matsalar ba. Akwai al'adar a ƙi sha duk mako a kwankwaɗa ranar Juma'a da dare, kuma ɗanka zai gani a titi. Sai dai shan yana raguwa tun wajen 2007, matasa da yawa ba sa sha, yawan masu kashe kansu ma ya ragu da kusan rabi daga 1990.

Hoton da ake yayi yanzu ya fara ne da Nokia, wadda ni da kai duk mun riƙe, mai tocilan da ba ta jin faɗuwa. Sai sakamakon jarrabawar PISA, mai gwada ɗaliban ƙasashe daban-daban, na 2001 ya sa ɗalibansu a sahun gaba, ministocin ilimi suka yi ta sintiri zuwa Helsinki. Daga 2018 kuma rahoton farin ciki na duniya ya sa su na ɗaya, shekara bayan shekara har 2025. Finawa da kansu sukan yi mamakin wannan. Rahoton ba dariya yake ƙirgawa ba. Tambayar mutum ake yi ya auna rayuwarsa daga sifili zuwa goma, wanda kuwa ya san in ya yi ciwo akwai asibiti, ɗansa zai yi karatu kyauta, ɗan sanda ba zai nemi na goro ba, zai ba da maki mai yawa ko da fuskarsa a murtuke. Suna ma da baitin da kowa ya sani mai cewa wanda ya sami sa'a ya ɓoye ta. Masu yabon yau ma da biyu suke yi, kamar Tasitus: Ba'amurke ko Bature na yabon makarantun Finlan ne don ya soki na ƙasarsa, shi ya sa ba ka cika jin cewa makin ɗalibansu ya yi shekaru yana sauka ba.

Akwai abin da wajibi in faɗa maka tun da ɗanka baƙar fata ne. Wani bincike na hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar Turai a 2018 ya tambayi 'yan asalin Afirka a ƙasashe 12, Finlan ce ta fi yawan waɗanda suka ce an ci zarafinsu saboda launin fata, kashi 63 cikin 100. Abin baƙin ciki ne a ce jikokin waɗanda aka auna wa kawuna wasunsu sun manta. Ni ma an taɓa jefa mini baƙar magana a tashar mota da dare. Ya sani, ya kula, amma kada ya ɗauki kowane shiru a matsayin ƙiyayya. Musulmi kuma ba baƙi ba ne a can: Tatar sun zauna tun ƙarshen ƙarni na 19, an yi wa jama'arsu rajista a 1925, kuma a Tampere zai sami inda zai yi Juma'a.

Shirun nan shi ne zai fi ba shi wuya, domin mu gaisuwa ce rabin zumuncinmu. Marubucin Jamus Brecht, da ya yi gudun hijira a can a 1940, ya kira su mutanen da ke yin shiru da harsuna biyu, tun da Financi da harshen Suwidin duk na hukuma ne. A wurinsu barin mutum ya sarara girmamawa ce, kusa da abin da muke kira kara. Katse mai magana rashin tarbiyya ne, saboda haka sukan jira ka gama, su ɗan yi jim, sannan su amsa. In ka ce wa Bafine "yaya kake", zai ɗauka da gaske kake tambaya. In ka ce "sai na leƙo", zai tambaye ka wace rana. Karin maganarsu na cewa sa da ƙahonsa ake kama shi, mutum da maganarsa. Ka gaya wa yaro kada ya yi alkawarin fatar baki, kuma ƙarfe takwas ƙarfe takwas ce.

A gidan da na zauna a Turku akwai wani dattijo da ƙofarsa ke kallon tawa. Wata uku muna haɗuwa a matakala, ina yi masa gaisuwa irin tamu, shi kuwa sai ya ɗan sunkuyar da kai ya wuce. Na riga na yanke cewa ba ya ƙaunar ganina. A watan Nuwamba, lokacin da duhu ke rufawa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, na dawo na tarar da wani ɗan abu mai ƙyalli rataye a marikin ƙofata, irin wanda suke maƙalawa a riga don direba ya hango mai tafiya a ƙasa. Ba takarda, ba suna. Ashe ta taga yake ganina ina tsallaka titi cikin baƙar riga. Da na je godiya ya ce kalma biyu ya rufe ƙofa. Sai bayan Kirsimeti ya ƙwanƙwasa mini, ya ce ranar Asabar layinsa ne a saunar gidan, in ina so in zo. Muka zauna cikin zafin nan kusan rabin sa'a ba wanda ya ce uffan. Can ya watsa wa duwatsu ruwa, ya ce an haife shi a Viipuri, a yankin Kareliya da aka sallama wa Sobiyat, yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa ta ɗora shi a jirgin ƙasa suka baro garin, kuma har yau makullin gidan yana cikin durowarsa.